Bazara da Cikin Dabba: Kafin Ruwa Ya Zauna

Wanda ya ratsa ƙauyukan Kano ko Katsina a watan Afrilu zai ga gonaki fayau, an yi sharar gona, amalanke na kai taki, manomi na ɗaga kai yana duban gabas. Amma ka leƙa turke. Shanun huɗar da za a ɗaura wa garma da zarar ruwa ya sauka a Yuni, daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Lokacin da aikinsu ya fi nauyi, a lokacin ne ƙarfinsu ya ƙare.

Ba rashin cika ciki ne kawai ke jawo haka ba. Gamba da kyasuwa da karan dawa, in sun bushe sun daɗe a rana, sinadarin gina jikin da ke cikinsu kan sauka zuwa kashi 3 cikin 100 ko ƙasa da haka, alhali tumbin saniya na bukatar wajen kashi 7 kafin ya narka abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga sa yana tuƙa tun safe, yana kuma ramewa. Harawar wake da ta gyaɗa su ke cike wannan giɓi, don nasu sinadarin kan haura kashi 10.

Sai dai yadda muke ajiye harawar akwai gyara. Mun saba jibge ta a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya, wata biyar tana shan rana da iska. Ɗauki dami ɗaya ka girgiza: ganyen, wanda nan amfanin yake, ya kakkaɓe, sai tsirarun sanduna fari fat. In ruwan farko ya same ta a can, fumfuna ta shiga, an yi asara biyu. Rumfa mai inuwa, da ɗan dandamali saboda gara, sun isa. Harawar kirki koriya ce har ranar da za a kwance ta.

Kara ma yana gyaruwa. A daddatsa kilo 100, a narka kilo 4 na takin yuriya a ruwa a yayyafa, a danne a rami, a rufe da leda ruf na mako uku, a buɗe ya sha iska kafin a bai wa shanu. Amma a yi da malamin gona a kusa, don yuriya in ta yi yawa kisa take yi, kuma ba a bai wa jaki ko doki. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan dabaru da noman ciyawa irin lablab.

Gawo kuwa, ni dai ban ga dalilin sare shi ba. Da rani yake ganye, 'ya'yansa na zuba lokacin da dabba ba ta da komai, da damina kuma ya kaɗe ganyen ya bar wa gero rana. Manoman Damagaram da Maraɗi da suka bar shi ya tsiro a gonakinsu sun ga amfaninsa.

Haɗarin ƙarshe yana zuwa ne tare da ruwan. Dabbar da ta wahala, in ta faɗa wa ɗanyar ciyawa haikan, zawo ko kumburin ciki ke biyo baya. Gyauron dawa ya fi muni: ɗanyen tohonsa na ɗauke da guba da kan kayar da saniya cikin ɗan lokaci. Don haka, Malam, a makonnin farkon damina ka fara bai wa dabbobinka busasshiyar harawa da safe kafin ka kwance su, kuma ka ja wa yaran kiwo kunne su nesanta su da gyauro.