Alkaki: Ilmin da Ake Gada a Bakin Turmi

Duk wanda ya taɓa halartar biki a unguwar Kusugu cikin birnin Daura, inda rijiyar nan take wadda riwaya ta ce a nan Bayajidda ya kashe macijiyar da ta hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya san cewa idan dangin amarya suka kai gara, ko da an jera shinkafa da man shanu da nakiya da dubulan, tsofaffin matan gidan ango ba su fara kai hannu ga kome sai alkaki, domin da shi suke auna ƙwarewar gidan da yarinya ta fito.

Kayan haɗinsa ba su da yawa, kuma kowannensu yana da tasa hanyar isowa. Alkama amfanin rani ce, wadda ba ta yin albarka sai da sanyin hunturu da ban ruwa, shi ya sa tun zamanin da ta zama abincin sarauta da na ranakun farin ciki a ƙasar da gero ne cimar yau da kullum. Kanwa kuwa fatake ne suka saba kawo ta daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Cadi. Na ukunsu shi ne tsala, watau nonon da ya saura bayan matan Fulani sun kaɗa kindirmo sun kwashe mansa.

Ga yadda ake yi a galibin gidaje. Za a wanke alkama a shanya, a ɓarza ta ba tare da ta yi laushin gari ba, a murje ta da mai har ya ratsa ta, sa'an nan a kwaɓa da tsala da tauri, a rufe a bar ta ta kwana. Waɗansu a yau suna ƙara ɗan yis. Da safe, bayan ƙullun ya yi tsami, sai a yayyafa masa ruwan kanwa, a kirɓa a turmi har ya yi danƙo, a mulmula a naɗe, a soya cikin man gyaɗa da wuta kaɗan-kaɗan domin cikinsa ya nuna, daga nan a tsoma shi cikin zuma, ko sukarin da aka dafa da tsamiya don kada ya daskare.

Hikimar aikin duka tana wajen haɗuwar tsami da kanwa, gama Allah Ya sanya a ɗabi'arsu cewa idan suka gamu sai kowane ya karya ƙarfin ɗan'uwansa, wata iska ta fito daga tsakaninsu, ta shiga ƙullu ta buɗe shi, ya yi sauƙin tauna. Wannan ƙa'ida ita ce mutanen kudancin ƙasar Amurka suke bi a wani ɗan burodi da suke gasawa da fulawa da man shanu da irin tsalarsu, sai dai su da hodar soda suke yi, wadda aka fara sarrafawa don sayarwa a ƙasarsu a 1846, mai ƙarfi iri ɗaya kullum, har ana iya rubuta awonta da cokali.

Mu kuwa al'amarinmu dabam ne, domin tsalar bazara ta fi ta hunturu saurin tsami, kanwar wannan kasuwa kuma ba lalle ƙarfinta ya zo daidai da na waccan ba. Saboda haka mizanin yana ga hanci da harshe da tafin hannun mai yi. Idan kanwa ta yi yawa, alkaki ya yi duhu da ɓauri. Idan ta gaza, ya fito da tsami da tauri. Babu takardar da za ta raba gardamar nan, sai wadda ta daɗe tana zaune kusa da uwa ko kaka, tana ji ana ce mata, "Ke 'yar nan, sansana ki ji, bai tashi ba tukuna." Kamar yadda malamai ba su amincewa da karatun da ba shi da isnadi, haka matan Daura suke tambayar alkaki a hannun wa aka koye shi.

A yau da yawa daga masu aurar da 'ya'ya saye suke yi wurin masu sana'ar, kuma babu aibi a cikin haka, tun da halal ce da ke rufa wa mata da yawa asiri. Amma ya kamata kowane gida da ke da gwanar alkaki ya sa 'yan matansa su zauna tare da ita lokacin biki ko Sallar Gani. In kuwa za su rubuta, to su rubuta alamomin da take dubawa, na ƙanshi da launi da danƙo, tare da mudu da cokali, domin a kan alamomin nan take yanke hukunci.