Rumfar wasa a zangon yara

Idan ƴan makaranta suka kafa zango a bayan gari lokacin hutu, suna bukatar rumfa don wasa da tatsuniya. Kafin a kafa dirka ko ɗaya, sai a shata rumfar a ƙasa. Tsawon metir 10 da faɗin metir 6 ya ishi yara 40.

A ƙasar Sarkin Hausa, hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas. Saboda haka, sai a kare gabas da arewa da zana, babbar ƙofa ta dubi yamma.

Kayan aiki suna kusa: ga karan hatsi a gona, ga igiyar kaba daga gorubar Gulbin Kaba.

Amma kara abincin wuta ne. A watan Nuwamba na 2021, gobara ta cinye azuzuwan kara a wata makarantar Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Don haka, a buɗe ƙofa ta biyu wajen kudu. A kafa murhu nesa da rumfa. A ajiye randar ruwa da bokitin rairayi a bakin kowace ƙofa.

Tambayoyi
1. Me ya sa babbar ƙofa take duban yamma?
2. Mene ne amfanin ƙofa ta biyu?