Ganuwar Birnin Dubrovnik: Abin da Mai Yawon Buɗe Ido Yake Gani da Ma'anarsa

1.0 Gabatarwa

Dubrovnik tsohon birni ne da ke kudancin ƙasar Kuroshiya, a bakin Tekun Adiriyatik, wato reshen Bahar Rum da ya raba Italiya da yankin Balkan. Abin da ya fi fito da sunan birnin a duniya shi ne ganuwar dutse da ta kewaye tsohon garin ba tare da ta yanke a ko'ina ba. A kan samu baƙi daga nahiyoyi daban-daban suna hawa kanta domin su zagaya gari da ƙafa. Da yawansu kyawon teku da jajayen rufin gidaje ne kan ɗauke musu hankali. Sai dai wanda ya lura da kyau zai ga cewa kowane sashe na wannan ganuwa an gina shi ne saboda wani abu da mutanen birnin suke tsoro. Wannan darasi zai bi ganuwar sashe-sashe, kamar yadda mai ziyara yake bin ta, domin a ga abin da ke wurin da dalilin da ya sa aka gina shi haka.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Birnin

A da ana kiran wannan birni Ragusa. Tun a ƙarni na 9 yake da katanga mai ƙwari, domin a shekarun 866 da 867 jiragen yaƙin Larabawa sun yi masa ƙawanya ta wata 15 ba su ci shi ba, har Sarkin Rumawa na Kustantiniyya ya aiko da ɗauki. Daga 1205 zuwa 1358 birnin yana ƙarƙashin Benis, babbar abokiyar gasarsa a fataucin teku. Bayan haka ya zama jamhuriya mai gudanar da al'amuranta da kanta, wadda ta dogara ga jiragen ruwa da kasuwanci.

Ƙaramar ƙasa ce a tsakanin manyan dauloli: Benis ta ɓangaren teku, Daular Usmaniyya ta ɓangaren tudu. Da Usmaniyyawa suka ci Kustantiniyya a 1453, suka kuma ci Bosniya a 1463, sai shugabannin Ragusa suka ga wuta ta iso gemun maƙwabci. Nan suka ɗauki matakai biyu a lokaci guda. Na farko, suka ƙara wa ganuwa kauri da hasumiyoyi. Na biyu, suka yarda su riƙa biyan Sarkin Usmaniyya haraji kowace shekara tun daga 1458, wanda daga baya ya tsaya a kan tsabar zinari 12,500. A madadin haka suka sami damar yin fatauci a faɗin daular, suka kuma ci gaba da mulkin kansu.

3.0 Siffar Ganuwar

Tsawon ganuwar ya kai kimanin mita 1,940, tsayinta kuwa ya kai mita 25 a wasu wurare. Da farin dutse na yankin aka gina ta, kuma akasarin abin da ake gani a yau aikin ƙarni na 14 zuwa na 16 ne. Kaurinta ba ɗaya ba ne. A ɓangaren tudu ya kama daga mita 4 zuwa 6, a ɓangaren teku kuwa daga mita ɗaya da rabi zuwa 3. Dalili shi ne, ta teku akwai tsaunin dutse da igiyar ruwa masu hana jirgi matsowa, amma ta tudu abokin gaba yana iya jawo igwa har kusa. Shi ya sa aka ƙara wata gajeriyar katanga a gaban babbar ta wannan ɓangare, aka kuma haƙa gwalalo, wato rami mai zurfi da ke bin gindin ganuwa.

A saman ganuwar akwai hanyar da masu gadi suke bi a da. Ita ce masu ziyara suke bi a yanzu. Ana sayen tikiti kafin a hau, kuma kowa hanya guda yake bi, sabanin yadda hannun agogo ke juyawa, domin kada a yi karo a wurare masu ƙunci. Zagayen kan ɗauki kimanin awa biyu. Akwai matakala masu yawa, inuwa kuma kaɗan ce, don haka a lokacin zafi masu dabara kan hau da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, da ruwan sha a hannu.

4.0 Zagayen Ganuwar

4.1 Ƙofar Pile

Yawancin baƙi daga Ƙofar Pile suke farawa, wadda ke yammacin gari. Ƙofa biyu ce a jere, ta ciki da aka gina a 1460 da ta waje da aka gina a 1537. A zamanin jamhuriya akwai kadarkon katako a gabanta wanda ake ɗagewa da sarƙa kowane dare. A saman ƙofar akwai sassaƙen Waliyyi Bilas, wanda Kiristocin birnin suke ɗauka majiɓincin garinsu.

Da an hau matakalar farko, sai a hango babban titin gari mai suna Stradun ya miƙe sambal, tsawonsa kimanin mita 300. A bakinsa akwai wani babban famfo mai kubba da bakin ruwa 16, wanda wani magini ɗan Italiya, Onofrio della Cava, ya kammala a 1438. Ruwan daga wani marmaro yake zuwa, ta magudana mai tsawon kimanin kilomita 12. Wannan famfo ɓangare ne na tsaron gari, domin birnin da ba shi da ruwan sha ba ya jure ƙawanya komai kaurin ganuwarsa. A gefen hagu kuma akwai gidan ibadar 'yan ɗarikar Faransiskan, inda wani kantin magani yake aiki tun 1317.

4.2 Bokar da Lovrijenac

Daga nan hanya ta nufi teku, ta isa hasumiyar Bokar, mai siffar zagaye, wadda Michelozzo, wani gwanin gini daga Filorens, ya tsara a wajejen 1461 domin ta kare Ƙofar Pile. An mayar da hasumiyoyi masu kusurwa zuwa masu zagaye ne a wannan zamani saboda harsashin igwa ya fi saurin fasa bango mai faɗi da kusurwa.

Daura da Bokar, a kan wani tsauni mai tsayin mita 37 a wajen ganuwa, akwai sansanin Lovrijenac. Bangonsa da ke fuskantar teku ya kai kaurin mita 12, amma wanda ke fuskantar gari bai wuce santimita 60 ba. Da gangan aka yi haka. Idan sansanin ya faɗa hannun abokan gaba, ko kwamandansa ya yi tawaye, igwar gari tana iya rushe wannan siririn bango cikin sauƙi. Mutanen Ragusa sun san sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, saboda haka ba su yarda wani mutum ɗaya ya tara ƙarfi ba. Shugaban jamhuriyar ma wata ɗaya kacal yake yi a kan kujera, sannan a zaɓi wani. A kan ƙofar sansanin an sassaƙa rubutun Latin mai nuna cewa 'yanci ba abin sayarwa ba ne, komai yawan zinarin da aka taya.

4.3 Ɓangaren Teku da Tashar Jiragen Ruwa

Sashen kudu shi ne wanda masu ɗaukar hoto suka fi so. A nan ganuwa ta hau kan dutse, teku yana ƙarƙashi, tsibirin Lokrum mai duhuwar itatuwa yana can gaba kaɗan. Ta hannun hagu kuwa mai tafiya yana leƙa tsakar gidajen mutane, da shanyar tufafi da 'yan lambuna, abin da ke tuna masa cewa wurin gari ne da ake zaune a ciki.

Wannan sashe ya ƙare a sansanin Waliyyi Yahaya, wanda ke gadin bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa. A da ana ja wata ƙatuwar sarƙa daga nan a tare bakin tashar da dare. A yau akwai gidan adana kayan tarihin jiragen ruwa a cikinsa, da wurin nuna kifaye da sauran halittun teku.

4.4 Ƙofar Ploce da Gidajen Killacewa

A gabashin gari akwai Ƙofar Ploce da sansanin Revelin da aka kammala a 1549. Ta wannan ƙofa ayarin fatake daga ƙasashen Usmaniyya suke shigowa. Daga kan ganuwa ana hango wasu dogayen gine-gine a jere a bakin ruwa, su ne Lazareti, gidajen da ake killace fatake da kayansu, waɗanda aka kammala a 1642. Annoba maƙiyiya ce da ganuwa ba ta tarewa. Tun a 1377 majalisar birnin ta yi doka cewa duk wanda ya fito daga inda ake annoba sai ya zauna kwana 30 a keɓe a wajen gari kafin ya shiga. Ana lissafa wannan doka cikin dokokin killacewa na farko a Turai.

4.5 Hasumiyar Minceta

Daga Ploce hanya ta kama hawa, ta bi ɓangaren arewa inda ganuwa ta fi kauri, har ta kai Minceta, wuri mafi tsayi a duk zagayen. An fara gina ta a 1319 da siffa mai kusurwa huɗu. Michelozzo ya kewaye ta da sabon bango mai zagaye, Juraj Dalmatinac kuma ya kammala ta a 1464. Daga samanta ana ganin gari gaba ɗaya, kuma ana ganin dutsen Srd, mai tsayin fiye da mita 400, ya yi wa birnin rumfa ta baya. Wanda ya riƙe wannan dutse ya riƙe gari, kuma tarihi ya tabbatar da haka.

5.0 Abubuwan da Ganuwar ba ta Hana ba

Ranar 6 ga Afrilu, 1667, girgizar ƙasa ta rushe akasarin gidajen birnin, gobara ta biyo baya, dubban mutane suka mutu. Ganuwa ta tsaya, kuma a sansanin Revelin aka adana baitulmali. Gidajen da ke Stradun a yau, masu kama da juna, bayan wannan bala'i aka gina su.

A 1806 sojojin Faransa na Napoliyon sun shiga birnin ba tare da sun fasa ganuwa ba. Shugabanni ne suka buɗe musu ƙofa, domin sojojin Rasha da na Montenegro suna tafe ta wani ɓangaren. A 1808 aka soke jamhuriyar, Faransawa suka gina sansani a kan dutsen Srd. Daga 1815 birnin ya koma hannun Ostiriya, daga baya ya shiga Yugoslabiya.

Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin jerin Wuraren Tarihi na Duniya a 1979. Wannan bai hana sojojin Yugoslabiya yi masa ƙawanya ba daga Oktoban 1991, bayan Kuroshiya ta ayyana 'yancin kanta. Luguden wuta mafi muni shi ne na ranar 6 ga Disamba, 1991. Kusan kashi biyu cikin uku na gine-ginen tsohon garin harsashi ya taɓa su. Masu kare birnin sun riƙe sansanin da ke kan Srd, garin bai faɗi ba. Daga kan Minceta ana iya gane wannan tarihi da ido: rufin da ke da sabon tayal mai ja sosai akasari bayan yaƙi aka yi shi, mai dusashen launi kuwa shi ne tsohon da ya tsira. An cire birnin daga jerin wuraren da ke cikin haɗari a 1998. Kotun duniya da ke Heg ta ɗaure manyan hafsoshi biyu, Pavle Strugar da Miodrag Jokic, kuma lalata kayan tarihi yana cikin laifuffukan da aka same su da su.

6.0 Kula da Ganuwar da Matsalar Cunkoso

Wata ƙungiyar 'yan gari masu kishin kayan tarihi, wadda aka kafa a 1952, ita ce ta daɗe tana kula da ganuwar, kuma kuɗin tikitin masu ziyara ne ake sarrafawa wajen gyara. Ke nan baƙo yana biyan kuɗin adana abin da ya zo gani.

Amma yawan baƙi ya zo da tasa matsalar. Manyan jiragen ruwa na shaƙatawa kan sauke dubban mutane a lokaci guda, kuma adadin ya ƙaru bayan da aka fara ɗaukar shirin talabijin na Game of Thrones a birnin a 2011. Gidaje da dama sun koma masaukin baƙi, haya ta yi tsada, mazauna tsohon garin suka ragu daga kimanin 5,000 a 1991 zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun 2010. UNESCO ta ba da shawarar kada mutanen da ke cikin ganuwa su wuce 8,000 a lokaci guda, kuma daga 2019 hukumar birnin ta fara taƙaita yawan manyan jiragen da ke tsayawa a rana.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kaurin bangon arewa saboda igwar tudu aka yi shi, sarƙar tasha saboda jiragen abokan gaba, siririn bangon Lovrijenac saboda cin amana daga cikin gida, gidajen killacewa kuma saboda annoba. An kuma ga cewa jamhuriyar ta yi shekara 450 tana mulkin kanta ne saboda ta haɗa ganuwa da haraji da iya zama da maƙwabta. Ganuwar ta kai wannan zamani domin an samu masu kula da ita da hanyar samun kuɗin gyara ta. Tambayar da ke gaban hukumomin birnin a yanzu ita ce yadda za a ci gaba da karɓar baƙi ba tare da 'yan gari sun ƙaurace wa garinsu ba.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ganuwar Dubrovnik ta fi kauri a ɓangaren tudu?
2. Bayyana hikimar da ke cikin ginin sansanin Lovrijenac.
3. Kawo abubuwa uku da suka sami birnin waɗanda ganuwa ba ta iya hanawa ba.
4. Ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Rubuta shafi ɗaya kan darasin da masu kula da ita za su iya ɗauka daga Dubrovnik.