Ɗakin karatun jami'a da tsadar mujallun bincike

Ɗalibin da ya fito daga Dawce, a yankin Matamaye, ya shiga Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010, yakan tarar cewa sabon ilimi yana fitowa ne a mujallun bincike, wato waɗanda masana ke tantance maƙalunsu kafin bugawa, kuma manyan kamfanonin Turai da Amurka ne ke riƙe da mafi yawansu, suna sayar da izinin karantawa da kuɗin da ya fi ƙarfin ƙaramar jami'a.

Shirin HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2002, da AGORA na Hukumar Abinci da Noma, tun 2003, suna buɗe wa ƙasashe marasa ƙarfi dubban mujallu kyauta, sai dai amfaninsu ya rataya kan wutar lantarki da intanet, da ƙwararren ma'aikacin ɗakin karatu mai koya wa ɗalibai hanyar nema, wanda aikinsa ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi. Akwai kuma shingen harshe, domin galibin maƙalun da Ingilishi aka rubuta su, alhali da Faransanci ake karatu a Nijar.