Kafin 'Yan Gwangwan Su Kwashe Sauran Fijo

A bayan wani garejin makanikai da nake wucewa kullum akwai wata farar Fijo 504 da aka jingine shekara da shekaru. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, awaki na shan inuwa a gindinta, yara sun mayar da bonet ɗinta allon rubutu. Watan jiya na tsaya na leƙa ta. Sitiyarinta na asali ne, hoton zakin nan yana nan a goshinta, kuma da na duƙa na duba ƙarƙashi ban ga inda tsatsa ta huda ba. Na tambayi mai garejin me ake jira da ita. Ya ce, "Yallaɓai, 'yan gwangwan sun taya, mai ita ne bai sallama ba." Wato a kan sikeli za a yi mata kuɗi, kamar tsohuwar tukunya.

Ba kowace tsohuwar mota ce abar ajiya ba. Ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin motoci, FIVA, ta sa shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun da mota za ta kai kafin a kira ta ta tarihi, tare da sharaɗin cewa an kula da ita a kan siffarta ta asali, kuma ba ita ake shiga kullum don zirga-zirga ba. Shekaru kaɗai ba su isa ba ke nan. Masu wannan sha'awa suna duba ƙira, da ƙarancin irinta, da labarin da ke bayanta. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Marsandi 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, saboda biyu kacal aka ƙera irinta. Wannan cinikin manya ne, ba shi ya dame ni ba. Abin da ya dame ni yana bayan gareji, awaki na kwance a gindinsa.

An fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma ita aka zaɓa motar shekara a Turai a 1969. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu. A shekarar ne kuma kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci, inda aka daɗe ana kawo kayan haɗin ta jirgin sama daga Faransa zuwa Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna. Bayan rasuwar Janar Murtala, gwamnatin Obasanjo ta rungumi tsarin rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar hukuma. Babban sakatare ita yake shiga, haka alƙali, haka shugaban makaranta da ya samu bashin mota. Turai ta daina yin 504 tuntuni, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. Mota ce da hannun 'ya'yanmu ya ɗaura, ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi, wagon ɗinta mai kujeru layi uku ta cika tashoshi daga Kano zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram. In wannan bai zama labari ba, ban san me zai zama ba.

Daɗin abin shi ne koyon ganewa, kuma fitila ce farkon abin da ido ke kamawa. Fitilun 504 ba zagayayyu ba ne, ba kuma masu kusurwa huɗu daidai ba. Sun ɗan karkace kamar idon da aka ja wa kwalli. Daga baya kuma but ɗinta yana tafiya a miƙe sai ya karye ya gangara. Yayarta 404, wadda ta fito a 1960, fitilunta zagayayyu ne, bayanta na da 'yan fukafukai biyu masu tsini, giyarta a jikin sitiyari. Yau da wuya ka ga 404 sai a-kori-kura a hanyar kasuwar ƙauye, an lafta mata buhunan masara har ta sunkuya. Ita kuwa 505, ta 1979, ta fi su faɗi da santsin jiki, yara da yawa suna rikita ta da 504 har sai sun zagaya baya sun ga but ɗin bai karye ba.

Marsandi ma haka take. Wadda aka fara a 1968, irin baƙar da aka harbe Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas, fitilunta a tsaye suke. Wadda ta gaje ta a 1976, da masana ke kira W123, fitilunta a kwance suke. Wannan ta biyun, musamman mai shan gas, ita ce direbobin tasi na ƙasashe da dama suka yi ta gasa wa wahala ba ta gaji ba. Bitil kuwa ba sai ka gan ta ba, kunne ya isa. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle a ce ruwa ya ƙone, shi ya sa take wannan ƙara mai kama da keken ɗinki. An haɗa ta a Legas daga 1975, an kuma rufe ƙera tsohuwar ƙirar a Meziko a watan Yulin 2003, bayan an yi sama da miliyan 21. Mai son sanin shekarunta ya dubi gilashin baya: in an raba shi biyu, ta girmi 1953, in ƙarami ne mai siffar ƙwai, tsakanin 1953 da 1957 take. Wanda ya ci karo da irin waɗannan a wani kango, kada ya yi gaggawar wucewa.

Sai dai ido na ruɗuwa. Sabon fenti yakan ɓoye ɓarna, shi ya sa gogaggu ke yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ka ɗora shi a ƙofa ya ƙi kamawa, foti ne aka cika wurin da shi, ba ƙarfe ba. Suna ɗaga shimfiɗar ƙasa su duba tsatsa, su gwada lambar shasi da ta takarda, su buɗe bonet su ga ko injin na gida ne. Nan ne tamu matsalar take. Makanikenmu gwani ne wajen raya matacce, ba na musu, amma in kafireta ta dame shi sai ya cire injin ɗungurungum ya dasa na Toyota, ya yanke nan ya liƙa can. Motar za ta tashi, ta yi gudu ma, amma ta tashi daga abar tarihi. A Kuba haka aka yi da motocin Amurka na kafin 1959, saboda takunkumi ya hana su kayan gyara. Su dole ce ta sa su, kuma ko a hakan sun adana jikin motar har baƙi ke biyan kuɗi don a zagaya da su Habana a ciki.

Muna da wata dama da Turawa ba su da ita. Su gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye ƙarƙashin mota, mu kuwa busasshiyar iskar Arewa tana barin ƙarfe da lafiyarsa. Rana ce abokiyar gabarmu: tana fasa dashbod, ta busar da robobi, ta ƙoɗe fenti. Duk waɗannan ana sake su. Ƙarfen da aka narka ne ba ya dawowa.

Ban ce kowa ya zuba dukiyarsa a gyaran tsohuwar mota ba, a wannan tsadar man. Rumfa ta ishe ta, da duwatsu huɗu a ɗage ta daga ƙasa, da ajiye takardunta da tsohuwar lambarta a wuri guda. Gidajen tarihinmu da ke cike da sirdi da takubba su ma ya kamata su samar wa 504 ɗaya ta Kaduna gurbi, da sunan shekarar da aka haɗa ta. Kai kuma mai karatu, in akwai wadda mahaifinka ya bari a zaure ko bayan gida, je ka duba ta a makon nan, ka ɗauki hoton lambar shasinta, kuma in mai sikeli ya yi sallama ka ce masa ba ta sayarwa ba ce.