Zaɓen Baƙin Mai Da Lokacin Juye Ga Motar Gudu

Sanin kowa ne cewa a garejojinmu akwai wata magana da ta zama tamkar doka a bakin makanikai, wato ƙasarmu ƙasar zafi ce, don haka baƙin mai mai kauri shi ne gatan inji. Da wannan hujja ake ɗura 20W-50 a kusan kowace mota. Tsohuwar Fijo 504 ba za ta yi ƙorafi ba. Amma ga wanda ya zuba dukiyarsa ya sayo motar gudu irin su Porsche 911 ko BMW M3, wannan al'ada na iya kai shi ga neman wani inji tun bai more motar ba.

Ya kamata mai karatu ya fara da fahimtar rubutun da ke jikin galan, wanda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara. Harafin W farkon kalmar Ingilishi ne mai nufin lokacin sanyi, ba nauyi ba kamar yadda jama'a ke zato. Lambar da ke gabansa tana nuna saurin gudanar mai sa'ad da inji ya kwana ya huce, ta bayansa kuwa kaurinsa ce a zafin digiri 100. Ke nan 0W-40 da 15W-40 aji ɗaya suke idan inji ya ɗau zafi. Bambancinsu yana tashin safe, lokacin da ƙarafa ke gogayya kafin mai ya iso gare su. Shi kuwa zafin inji, tamostat ne ke daidaita shi, a Jamus ne ko a Maiduguri, muddin ba a cire shi an jefar ba kamar yadda aka saba a nan.

Babu wani mai guda da za a kira na motar gudu. Alal misali, BMW M3 da aka ƙera tsakanin 2000 da 2006 an tanadar mata 10W-60, mai kauri ƙwarai, alhali Toyota 86 da ta fito a 2012 tana shan 0W-20, wanda makanikanmu za su ce ruwa ne. Kowane inji an auna ratar ƙarafansa ne bisa man da zai sha, kuma na'urar da ke sarrafa lokacin buɗewar bawul da ƙarfin matsin mai take aiki. Bugu da ƙari, bayan kauri akwai lambar amincewar kamfani, kamar A40 ta Porsche ko 229.5 ta Mercedes. A nawa ra'ayin, wannan lamba ta fi sunan kamfanin man muhimmanci, kuma tana nan a littafin mota ga mai son dubawa.

Batun lokacin juye ya fi sarƙaƙiya. Littattafan Turai kan ba da tazarar kilomita 15,000 ko fiye, to amma sun gina lissafinsu a kan tituna marasa ƙura da doguwar tafiya. Su kansu littattafan sun ware abin da suka kira yanayi mai tsanani: ƙura, gajerun tafiye-tafiye, da daɗewar inji yana aiki a cunkoso. Wannan ai siffar hunturun Kano ce. A gajeriyar tafiya mai ba ya yin zafin da zai kore danshi da fetur ɗin da ke tsiyaya cikinsa, sai ya tsinke. Saboda haka ina ganin hikima ce a raba tazarar biyu, a kuma yi juye aƙalla sau ɗaya a shekara ko da motar a ajiye take ana fito da ita ranar biki kawai. Wanda ya kai ta filin tsere ya yini yana taka wuta, ya gaggauta juye bayan nan.

Baƙin launi dai ba ya nuna cewa mai ya mutu, domin kwashe dauɗa na cikin aikinsa. Abin tsoro shi ne jabu, wanda ake zubawa a tsofaffin galan na manyan kamfanoni. Mai mota ya sayi mansa da filta da kansa daga amintaccen dila, ya duba hatimin murfi, ya kuma tsaya a buɗe galan a gabansa.