Ko Kun Sani? Motar Da Ta Mutu Takan Tashi Amalanke

A Toranke da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya, da yawan amalanken da shanu ke ja da tsofaffin kayan mota aka haɗa su. Manomi kan sayi ƙarfen da ke riƙe tayoyin bayan motar da ta daina aiki, irin wanda ake samu a Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin ya biya kuɗi sai ya juya tayar da hannu: in ta yi ƙara ko ta girgiza, boris ya cinye. Mai walda ya ƙera firam, kafinta ya shimfiɗa katako, mai faci ya gyara tayoyi. Daga nan sai bijimai biyu su ja taki zuwa gona, da kaka kuma su dawo da dammunan gero.

A Amurka ma ana farfaɗo da tsohon abin ja, amma can ɗakin kwana ne mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota. Wanda ya fi suna shi ne Airstream, ƙirar wani mai suna Wally Byam, mai gangar jikin alminiyom da ba ya tsatsa. Masu gyara kan fara da duba daɓen katako da firam ɗin ƙarfe, domin nan yoyon ruwa ke ɓarna.

A 1959 ayarin waɗannan ɗakuna ya tashi daga Kudancin Afirka ya nufi Alƙahira. A 1969 kuwa cikin irin wannan ɗaki aka killace 'yan sama jannatin Apollo 11 bayan dawowarsu daga duniyar wata.